Koren Rance da Mudun Awonsa

Yau zancenmu na ilmin kimiyya zai bi da mu ta kasuwa, amma irin kasuwar da ba a kasa hatsi ko goro a cikinta, sai takardu. Kafin mu shiga, bari mu ɗan tsaya wurin 'yan awo. Ko wace kasuwar hatsi tana da ma'auninta: a Kano mudu da tiya, a Kumasi olonka, a Njamena koro. Mai saye ba ya ƙirga ƙwayar gero ɗaya ɗaya, ma'aunin ya amince da shi. Ran da aka gane an bubbuge gindin mudu don ya rage ci, ba mai awon nan kaɗai zai yi hasara ba, duk layin ne za a daina amince wa. Ku riƙe wannan a zuci, gama shi ne kan maganar da zan yi a kan wani irin rance da ya bazu a duniya tun daga shekarar 2007, wanda ake kira koren rance.

Da farko, mece ce takardar rance? In gwamnati ko babban kamfani na bukatar kuɗi masu yawa, maimakon su je wurin attajiri ɗaya ko banki ɗaya, sai su yanyanka bashin gunduwa gunduwa, su buga takardu. Ko wace takarda tana ɗauke da alkawari cewa wanda ya saye ta za a riƙa ba shi kaza ko wace shekara, in wa'adi ya cika kuma a mayar masa da uwar kuɗinsa. Wanda ya gaji da jira yana iya sayar wa wani da takardar, don haka ta zama haja. Yawancin masu sayen kuwa ba ɗaiɗaikun mutane ba ne, hukumomin fansho ne da kamfanonin inshora. Watau ɗan'uwanmu da ke tuƙa bas a Landan, ko 'yar'uwarmu da ke aikin jinya a Amurka, waɗanda ake yankar wani abu cikin albashinsu don ranar tsufa, mai yiwuwa ne suna da hannu cikin wannan ciniki ba su sani ba. Koriyar takarda kuwa ita ce wadda aka ƙara mata alkawari na biyu: kuɗin da aka tara ba za a kashe su ba sai a kan aikin da zai kiyaye ƙasa da ruwa da iska, kamar lantarki na hasken rana, ko dashen itatuwa, ko jirgin ƙasa mai aiki da lantarki.

Dalilin da ya sa aka bukaci alkawari na biyun nan, masana yanayi ne suka kawo shi. Kafin zamanin injuna, iskar kabon da ke sararin sama wajen kashi 280 ce cikin miliyan. Sa'ad da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Lowa na tsibirin Hawayi a 1958, ya tarar da wajen 315. A 2024 ta haye 420. Ita iskar nan tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar yadda bargo ba ya kawo ɗumi daga waje sai dai ya hana na jiki fita. Rage ta kuwa aikin kuɗi ne masu yawan gaske, gama sai an sake tashoshin lantarki da motoci da masana'antu na duniya duka. A taron Baku na 2024 ƙasashe masu arziki sun karɓi jagorancin tara dala biliyan 300 ko wace shekara kafin 2035 domin ƙasashe masu tasowa, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan, amma taron da kansa ya ambaci tiriliyan 1.3 a kan abin da ya kamata a nufa. Ratar da ke tsakani ita ake so kasuwa ta cike.

Asalin abin yana da daɗin ji. A 2007 Bankin Zuba Jari na Turai ya fitar da takarda ta yuro miliyan 600 wadda ya keɓe wa ayyukan yanayi. A ƙarshen shekarar nan kuma waɗansu masu kula da kuɗin fansho a ƙasar Suwidin, waɗanda rahoton masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tayar wa hankali, suka je wa bankinsu, SEB, da bukata: suna so su sa kuɗi inda zai taimaka, amma kada kuɗin tsofaffi su salwanta. Bankin ya nufi Bankin Duniya. Sai wata tambaya ta taso wadda ba wani ma'aikacin banki da ya iya amsawa, watau yaya za a san aikin da aka zaɓa lalle yana rage zafin duniya? Nan ne aka nemo CICERO, wata cibiyar binciken yanayi a birnin Oslo na ƙasar Norwe, aka ce ta duba ta ba da shaida. A watan Nuwamba na 2008 Bankin Duniya ya fitar da koriyar takardarsa ta farko, ta fiye da kurona biliyan 2 na kuɗin Suwidin. Ku lura, tun ranar da aka raɗa wa abin suna, masanin kimiyya yana zaune a wurin, shi aka danƙa wa mudu.

Daga nan kasuwa ta yi ta haɓaka. Ƙasar Folan ce gwamnati ta farko da ta shiga, a Disamba 2016, Faransa ta biyo a Janairu 2017 da yuro biliyan 7, Nijeriya kuma a Disamba 2017 ta zama ta farko a Afirka da naira biliyan 10.69, waɗanda aka ware wa dashen itatuwa da lantarki na hasken rana, har da na jami'o'i. A ƙarshen 2020 jimlar koren rance da aka taɓa fitarwa ta kai dala tiriliyan ɗaya, watau biliyan dubu, a 2021 kaɗai kuma an fitar da fiye da biliyan 500. In yawan ciniki shi ne nasara, to, an yi nasara.

Ni dai a ganina ba a kai ga yin guɗa ba tukuna. Kasuwar ta girma, mudunta bai girma tare da ita ba, kuma muddin ba a gyara shi ba, abin da ake yi cinikin biri a sama ne.

Ga yadda awon yake. A 2014 waɗansu manyan bankuna suka tsara ƙa'idodin koren rance: a faɗi abin da za a yi da kuɗin, a faɗi yadda aka zaɓi aikin, a ware kuɗin kada su cakuɗe da sauran, a riƙa ba da rahoto. Ƙa'idodi ne masu kyau, amma na ganin dama ne, ba doka ba. A yawancin takardun, in mai rance ya ci gaba da biyan kuɗi a kan kari, ko da ya saɓa alkawarin kore, mai takarda ba shi da wata hujja mai ƙarfi ta kai shi gaban alƙali. Shaidar da masana ke bayarwa kuma galibi kafin a fara aiki ake ba da ita, watau shirin da aka rubuta suke dubawa, ba gonar da aka girbe ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke biyan mai shaidar. Mai neman rancen ne ke zaɓarsa, shi ne kuma ke biyansa ladan aiki. Ban ce masu shaidar marasa gaskiya ne ba. CICERO ma ta yi ƙoƙari ƙwarai, har a 2015 ta raba koren gida uku, kore shar ga aikin da ya dace da duniyar da ba hayaƙi, matsakaici ga wanda ya kama hanya, da mai haske ga wanda ya ɗan rage ɓarna kawai. Amma a ƙarshen 2022 kamfanin S&P Global, ɗaya daga cikin manyan masu auna darajar bashi a duniya, ya saye wannan sashe na aikinta. To, a wace kasuwar hatsi aka taɓa yarda mai buhu ya zo da mai awonsa daga gida, ya kuma biya shi?

Bari in ba ku labarin wani filin jirgin sama. A 2016 da 2017 aka sayar da koren takardu na dala biliyan 6 domin gina wa birnin Meziko sabon filin jirgi, a kan busasshen gadon tafkin Teskoko, inda tsuntsayen ruwa ke sauka. Hujjar da aka bayar ita ce ginin zai yi tattalin lantarki da ruwa, masu shaida kuma suka sa hannu. Ba wanda ya sa hayaƙin jiragen da za su riƙa tashi daga filin a cikin mudun. A ƙarshen 2018 sabuwar gwamnati ta soke aikin bayan an riga an zuba kankare mai yawa. Aka fanshi takardu na dala biliyan 1.8, sauran kuwa aka ci gaba da biyansu daga harajin da fasinjoji ke bayarwa a tsohon filin. A 2022 aka mai da wurin keɓaɓɓen yanki na kiyaye halittu. Ashe koren bai zo wurin ba sai bayan da aikin da koren rance ya biya ya mutu.

Kada ku ɗauka Meziko kaɗai ce. Jerin ayyukan da ƙasar Sin ta yarda a kira kore a 2015 ya haɗa da ƙona kwal ta hanyar da aka ce ta fi tsabta, ba a cire shi ba sai a 2021. Tarayyar Turai kuma a 2022 ta shigar da iskar gas da makamashin nukiliya cikin nata jerin bisa sharuɗɗa, har ƙasar Ostiriya ta kai ƙara kotu. Ko wace ƙasa tana ɗan bubbuga gindin mudu daidai inda ya dace da hajarta.

Akwai kuma wata tambaya wadda ta fi waɗannan zurfi, ko da yake ba a cika yin ta ba. In ba a fitar da koriyar takardar ba, da aikin ba zai yiwu ba? Ku dubi Jamus, wadda ba ta ɓoye kome ba cikin lissafinta. Sa'ad da ta fitar da koriyar takardarta ta farko a watan Satumba na 2020, ta yuro biliyan 6.5, ta faɗa a fili cewa kuɗin za a jingina su ne ga abin da ta riga ta kashe a kasafin shekarar da ta wuce. Watau an riga an shimfiɗa layin dogon, sa'an nan aka zo aka liƙa masa takarda. Kamar magidanci ne ya ce wa mai ba shi rance, wannan kuɗin naka na makarantar yara ne, alhali ya riga ya biya kuɗin makarantar tun bara, wanda ya karɓa yau kuwa aljihu ɗaya zai shiga da na cefane. Bai yi ƙarya ba, amma yaro ko ɗaya bai ƙaru a aji ba. Iskar sama kuwa ba ta karanta takarda, abin da aka ƙona da abin da aka fasa ƙonawa kaɗai ta sani.

Masu kare kasuwar suna cewa ai koren suna yana sauƙaƙa kuɗin ruwa, don masu saye na rububinsa. Wannan ma an auna shi, kuma Jamus ce ta ba da ma'auni mafi kyau, gama ko wace koriyar takarda tata tana da tagwaniya wadda ba kore ba, wa'adinsu ɗaya, sharuɗɗansu ɗaya. Ran da aka fara sayarwa, bambancin da aka samu bai wuce kobo ɗaya cikin naira ɗari ba a shekara, ko ku ce fesuwa ɗaya cikin sidi ɗari. Daga baya ya ɗan ƙaru zuwa 'yan kwabbai, ya sake raguwa. Yanzu ku kwatanta wannan da wani bambancin. A wancan wata na Satumba 2020 Jamus ta sami rancenta a ƙasa da sifiri, watau mai ba da rancen ya yarda a mayar masa da abin da bai kai wanda ya bayar ba, don dai kuɗinsa su kwana inda ya amince. Kafin watan ya ƙare, Masar ta fitar da tata koriyar takardar ta dala miliyan 750, aka yanka mata kashi 5.25 cikin 100. Gaskiya ne ɗaya yuro ce ɗaya dala, wa'adinsu kuma ba ɗaya ba, amma wannan bai isa ya share ratar ba. Ta Nijeriya ta 2017, wadda ke kan naira, kashi 13.48 aka biya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga lantarki na hasken rana, saboda yadda kuɗinsa suke. Injin mai ƙona gas ko dizal yana da sauƙin saye, tsadarsa tana wajen mai, kullum ana biya. Farantin hasken rana kuwa kusan duk kuɗinsa ranar farko ake zubawa, bayan haka rana kyauta take fitowa. Saboda haka farashin wutarsa ya rataya ne a kan kuɗin ruwan rancen da aka gina shi da shi. Shi ya sa ƙasar Chadi ko Sudan, inda rana ke dukan ƙasa kusan duk shekara, za ta iya shan wutar rana da tsada fiye da Jamus mai yawan gajimare. Ragin kobo ɗaya ba zai gyara wannan ba. Masu sauraronmu na Akara da Kumasi kuwa ba sa bukatar a gaya musu abin da bashi ke yi in ya fi ƙarfin mai shi: sun ga Disamba 2022, sa'ad da Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, sun kuma ga tsofaffi 'yan fansho a ƙofar ma'aikatar kuɗi a 2023 suna neman kada a taɓa takardunsu. Ran da baitulmali ya ƙafe, koriyar takarda layi ɗaya take bi da sauran.

Abin da na ga ya rage kuɗin ruwa da gaske shi ne lamuni, watau wani mai ƙarfi ya tsaya wa mai rance. Beliz ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar nahiyar Amurka, mai dogon shingen murjani a bakin tekunta. A Nuwamba 2021 tana da bashin takardu na dala miliyan 553 wanda ta kasa ɗauka. Da taimakon ƙungiyar The Nature Conservancy ta sami sabon rance na miliyan 364, ta fanshi tsohon a kan santi 55 ko wace dala. Abin da ya sa sabon rancen ya yiwu shi ne wata hukumar gwamnatin Amurka mai ba da jari don raya ƙasashe ta tsaya masa da inshora. Bashin ƙasar ya ragu da wajen kashi 12 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, ita kuma ta ɗauki alkawarin keɓe kashi 30 cikin 100 na tekunta, da kashe wajen dala miliyan 4 ko wace shekara wajen kiyaye shi. Tsibiran Seshel sun riga ta bin irin wannan hanya da ƙaramin bashi, Ikwado ta biyo a 2023 domin tsibiran Galafagos, Gabon ma haka a shekarar nan. An yi ta gunaguni a kan yawan la'adar dillalai, kuma gunagunin yana da tushe. Amma a nan kuɗi sun motsa da gaske, abin da ya motsa su kuwa sa hannun mai lamuni ne. In ƙasashe masu arziki suna nufin abin da suka faɗa a Baku, ga wurin da dalarsu ɗaya za ta jawo waɗansu da yawa.

Na san da yawa cikinku zancen kuɗin ruwa ba ya kwanta muku a rai. An yi wa wannan ma hanya, watau sukuk, inda mai sa kuɗi ke mallakar rabo cikin wata kadara, ya riƙa karɓar kuɗin haya ko riba maimakon ruwa. Koren sukuk na farko a Maleshiya aka yi shi a 2017, kamfanin Tadau Energy ya tara ringit miliyan 250 ya gina tashar hasken rana a jihar Saba, gwamnatin Indunisiya kuma ta fitar da na dala biliyan 1.25 a 2018. Na Tadau ya fi ba ni sha'awa, don kuɗin da tashar suna ɗaure da juna, mai shakka yana iya zuwa ya ga farantan da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Sai dai a na gwamnatoci, sau da yawa kadarar da aka jingina sukuk da ita dabam, aikin da aka kashe wa kuɗin dabam, tambayar mudu kuma tana nan inda take.

To, ana iya auna sakamako kuwa, ko dai neman abin da ba shi yiwuwa nake yi? A nan ne kimiyya ta yi nisa ƙwarai tun 2008. Na lantarki mai sauƙi ne, mita tana ƙirga abin da tasha ta bayar. Na itatuwa shi ne da wuya a da. Masana sun san cewa wajen rabin nauyin busasshen itace kabon ne, ko wane ton ɗaya na kabon da itace ya riƙe kuma daidai yake da ton 3.67 na iskar da ya zuƙe daga sama. Sauran aiki shi ne sanin yawan itatuwan da girmansu. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, a 2008 kuma Amurka ta buɗe hotunan kyauta ga kowa. Na Turai, Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10, yana komowa kan wuri ɗaya kamar ko wane kwana biyar. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kofenhagen da abokan aikinsa suka koya wa kwamfuta gane kan itace a cikin hotuna masu kaifi fiye da waɗannan, suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yankin Sahara da Sahel na yammacin Afirka mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3, wurin da taswira ke nunawa kamar fako. In ana iya ƙirga aduwa ɗaya ɗaya daga sama, ba wani uzuri ga mai rancen da ya ce ya dasa miliyan, a tambaye shi nawa suka rayu bayan rani uku ya yi shiru.

Ƙasar Yurugwai ta gwada ɗaure kuɗi da irin wannan awo. Takardarta ta Oktoba 2022, ta dala biliyan 1.5, an rataya kuɗin ruwanta a kan abu biyu zuwa shekarar 2025: yawan iskar da ƙasar ke fitarwa gwargwadon arzikinta, da faɗin dajinta na asali kamar yadda hotunan sama suka nuna, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce kuma mai tabbatarwa. In ta gaza, a ƙara mata kobo 15 cikin naira ɗari a kan ko wane ɗaya, in ta zarce a rage mata haka. Hanya ce mai kyau, ko da yake tarar ta yi kaɗan, kuma akwai abin dariya ciki, gama in daji ya ƙone mai takarda ne zai ƙara samu.

Akwai hujja ɗaya mai nauyi da za a iya kawo mini, ba kuwa zan kauce mata ba. Tsananta awo yana da tsada, tsadar nan kuma ƙanana take kora. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun bar gawo da sauran itatuwa suna tohowa daga kututture a gonakinsu, har masana suka kimanta hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Aiki ne wanda ya fi na koren takardu da yawa, amma ba takarda ko ɗaya da ta biya shi, gama ba wanda zai buga takardar rance don gona mai eka uku. In aka ƙara sharuɗɗa, manyan kamfanoni masu lauyoyi su ne za su cika su. Amsata ita ce a mai da awon aikin hukuma, kamar yadda sarkin kasuwa ke duba mudu domin kowa: a yanki ɗan kaɗan daga ko wane koren rance a zuba asusu ɗaya, asusun ya ɗauki masu awo ya tura su, ya kuma buga sakamako inda kowa zai gani. Tauraro kuma ba ya isa shi kaɗai. Zai nuna itace ya tsaya, amma ba zai faɗi ko an kori makiyayi daga burtalinsa kafin a dasa shi ba, wannan sai an taka ƙasa an tambayi mutanen wurin. Tarayyar Turai ta ɗan matsa, dokarta da ta fara aiki a Disamba 2024 ta sa masu ba da shaida su yi rajista a ƙarƙashin hukumar da ke kula da kasuwannin takardu. Amma bin dokar na wanda ya ga dama ne, mai rance ne kuma har yanzu ke biyan mai shaidarsa. Wanda ke da fansho a Ingila ko Amurka yana da ikon rubuta wa masu riƙe da kuɗinsa ya tambaye su, koren takardun da suka saya, wa ya auna su bayan an gama aikin.

Akwai takarda ɗaya da nake sa wa ido. A Maris 2022 Bankin Duniya ya fitar da ta dala miliyan 150, mai wa'adin shekara biyar, domin baƙin karkanda, dabbar da yawanta ya faɗo daga wajen 65,000 a 1970 zuwa ƙasa da 2,500 a shekarun 1990 saboda masu farautar ƙahonta. Masu sayen takardar sun yafe abin da za a riƙa ba su ko wace shekara, aka tura kuɗin ga gandun daji biyu na Afirka ta Kudu, Addo da na kogin Great Fish, domin masu gadi da kayan aiki. A ƙarshe za a mayar musu da uwar kuɗinsu, gama Bankin Duniya ne ya ci bashin. Tukuici kuwa, wanda Asusun Muhalli na Duniya ya ɗauki nauyinsa, ya rataya a kan ƙidaya: in karkanda ba su ƙaru ba, ba ko anini, in sun ƙaru da fiye da kashi 4 cikin 100 a shekara a ba su cikakke, ƙungiyar masana dabbobi ta Landan ce kuma aka sa ta tabbatar da lissafin. Ƙaramar takarda ce in an gwada ta da tiriliyoyin da muka ambata, kuma ƙirga karkanda cikin gandu mai shinge ya fi ƙirga iska sauƙi. Wa'adinta 2027 ne.